Bangaskiya a Bakin Magudana

Mu Hausawa Kirista na ƙasar Kano, idan za mu yabi mutum sai mu ce ya yi zurfi cikin bangaskiya. Da me muke auna zurfin? Yawanci da abin da ido ke gani ran Lahadi: ba ya fashin sujada, hannunsa a sake yake wajen baiko, ayoyi suna bakinsa. Babu laifi a ciki. Amma a yankin Kura da Bunkure akwai ma'aunin da ya fi wannan tsanani, kuma ba a majami'a yake ba.

Tun bayan gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ke bin babbar magudana ya rarrabu cikin ƙanana har ya kai gonakin shinkafa, alkama da tumatir. Gangara ce ke tafiyar da shi, don haka mai gona a sama shi ruwa ke fara tararwa, na ƙarshen layi kuwa sai abin da aka rage masa, bayan kachala da laka sun ci nasu. Hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are da ƙungiyoyin manoma suna tsara rabo, amma wa zai yi gadin kowace mashiga da ƙarfe biyun dare? Buhun ƙasa ɗaya ya isa a tare ruwa.

To, ga Kirista mai gona a sama. Zafin Maris ya shigo, yau ba ranarsa ba ce, tumatirinsa ya fara yaushi. Takin bashi ne, kuɗin makarantar yara yana jiran kwandunan da zai kai Kwanar Gafan. Maƙwabtansa tuni sun tare. Ya bar ruwan ya wuce?

Mai saurin cewa "ƙwarai" bai taɓa noman rani ba. Ciyar da iyali shi ma wajibi ne, kuma ruwan da ya saki ba lallai ya kai ƙarshe ba, wani a tsakiya zai iya shanye shi. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo: tsarin da aka gina bisa zaton kowa zai yi gaskiya, gaskiyar mutum ɗaya ba ta gyara shi.

Duk da haka, a ganinmu ya bar shi ya wuce. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, labarin Basamariye ya bayar, mutumin wata al'umma da wata hanyar ibada. Mu 'yan kaɗan ne a nan, saboda haka na ƙarshen layin galibi Musulmi ne, mai 'ya'ya da bashin taki kamar namu. Wataƙila har abada ba zai san wanda ya ƙi tare masa ruwa ba. Wasu cikinmu kan ce a yi hakan domin shaida, a gani a yaba addininmu. Wannan ciniki ne, kuma cikin duhun dare babu mai saye. Abin da ya saura shi ne mutum da Ubangijinsa, da ƙarar ruwa yana wucewa.

Sai dai akwai rabon ikilisiya a wannan magana, wanda ba mu cika ji a wa'azi ba. Idan tumatirin nan ya ƙone, asarar ta wa ce? Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna masu bi na farko suna sayar da gonaki don kada wani cikinsu ya rasa. Ikilisiyar da ta koya wa mutum ya saki ruwa, ta kuma bar shi da mai binsa bashi, ta ɗora masa kayan da ita ba ta taɓa ba. Mu duba littafin ma'aji: akwai shafin gini, akwai na kayan kiɗa, akwai na taron shekara. Na manomin da ya yi asara saboda ya jira ranarsa, har yanzu ba a buɗe shi ba.