ƘWARON DA BA SHI DA FIFFIKE

Sau da yawa mukan yi gunaguni saboda abin da Allah ya hana mu. Wani ba shi da lafiya, wata ba ta sami haihuwa ba, wani kuwa gonarsa ba ta yi albarka ba. Bari mu ɗauki koyarwa daga wurin ƙwaro.

Akwai wani mutumin Ingila, sunansa Thomas Wollaston, ɗan wani fasto ne. An haife shi a 1822. Ciwon ƙirji ya kama shi, domin wannan a 1847 ya tafi neman lafiya a tsibirin Madera, cikin Tekun Atlantika, yamma da Maroko. Ƙasar duwatsu ce, dutsen da ya fi tsawo ya wuce ƙafa 6,000. Ba wanda ya ɗauke shi aikin ƙwari, sha'awa ce kurum. Ya yi ta hawan duwatsun nan yana ɗaga ƙananan duwatsu, yana tattara ƙwari masu taurin baya, dangin buzuzu. A 1854 ya buga babban littafi a kansu.

Ga abin mamaki da ya gani. Cikin iri 550 da aka sani a lokacin, wajen 200 ba su iya tashi sama. Masana suka ba da dalili: iska tana da ƙarfi a tsibirin, ƙwaron da ya tashi sama iska takan kwashe shi ta jefa cikin teku. Wanda ba shi da fiffike kuwa yakan laɓe ƙarƙashin dutse, ya rayu. Ashe rashinsa ne ya cece shi.

Haka ya faru da Bulus manzo. Cikin II Korintiyawa sura 12 ya ce sau uku ya roƙi Ubangiji ya kawar masa da wata wahala cikin jikinsa, ba a kawar ba. An bar masa ita domin kada girmankai ya ɗauke shi, ya koyi dogara ga alherin Allah.

Ɗan'uwa, mene ne ka roƙa ba ka samu ba? Ka ci gaba da addu'a, ka nemi magani in ciwo ne, amma kada ka zargi Allah, kada kuwa ka bar taron ekklesiya saboda fushi. Gama shi ya san ƙarfin iskar da ba ka gani ba. Ka laɓe wurin Yesu, Dutsen cetonmu. Amin.