Ƙaryar Mai Neman Aiki

Wani tsohon ɗalibina, wanda ya ɗauki darasin adabi a wurina kafin ya koma fannin harhaɗa magunguna, ya kawo mini ziyara da wani labari da ya tsaya mini a rai. Wani kamfanin magunguna a Ikko ne ya nemi wakilan da za su riƙa tallata hajarsa a asibitoci da kemis-kemis. Ya rubuta jarrabawa, ya yi wata uku yana dako, sannan aka kira shi intabiyu a gaban mutum biyar.

Tambayar ƙarshe ita ce matsalar. Aka ce masa: a ƙaddara wata ya zo ƙarshe bai cika adadin cinikin da aka yanka masa ba, ga kwalaye na maganin yara da wa'adinsu ya kusa cika, ga kuma mai kemis a ƙauye wanda ba ya duba kwanan wata, shin zai faɗa masa? Sai ya dubi fuskokinsu, ya kintaci abin da suke son ji, ya ce zai sayar ya yi gum. Aka ɗauke shi.

Ya rantse mini cewa ƙarya ya yi, ba zai taɓa aikata haka ba. Hujjarsa kuwa ba ta wasa ba ce: shekara huɗu yana zaman kashe wando, ga mahaifiya ta tsufa, ga ƙanne a makaranta. Wanda bai ɗanɗani irin wannan zama ba bai kamata ya yi gaggawar yanke masa hukunci ba, ni ma da albashina nake magana.

Amma ƙaryar nan tana da wata siffa ta daban. Galibin masu neman aiki kan yi ƙarya ne don su ƙara wa kansu daraja. Shi kuwa rage wa kansa ya yi, wato ya nuna ya fi ainihinsa rashin imani. Irin wannan ƙarya, a ganina, alkawari ce. Kamfanin ya saya ne bisa abin da aka siffanta masa, kuma ranar da ciniki ya yi ƙasa zai zo karɓar abin da ya saya. In kuwa tambayar gwajin amana ce, kuma duk da amsarsa aka ɗauke shi, to abin ya fi muni.

Da a ce atamfa zai sayar, da ban ɓata tawada ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da ya gurɓata da sinadari mai guba. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, amma a 2008 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya sake hallaka yara da dama ta irin wannan hanya. Ba wakilan talla ne suka haɗa gubar ba. Sai dai kowace kwalba ta ratsa hannaye masu yawa kafin ta isa bakin yaro, kowane hannu kuma wata rana an zaunar da mai shi an yi masa tambayoyi kafin a ba shi aiki.

Na tambaye shi abin da zai ce ranar da shugabansa ya tuna masa da amsarsa. Ya daɗe yana juya makullin motar da kamfanin ya ba shi, sannan ya ce ran Litinin zai kama aiki.