Wa Za Ya Yi Magana Dominka Ran Da Ba Ka Iya Ba?

 Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, magidanta da yawa suna shirin cin rani. Kafin su kama hanya muna so mu yi zancen wakilin jiyya, watau wanda za ya yanke shawara a kan maganinka sa'anda ciwo ya hana ka magana.

Mun san yadda abin ya kan faru a ƙauyukanmu. Mace ta haihu, jini ya ɓalle, maigida yana Legas, wayarsa a kashe. Uwar miji ta ce a jira shi, ƙanensa ya ce ba shi da iko. Masanan lafiya kuwa sun ce zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2 kadan ba a tsai da shi ba. Daga Riruwai a ratsa dajin Falgore zuwa asibitin Tudun Wada tafiya ce mai nisa, balle a ce sai an kai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano cikin birni. Can kuma likita ya kan nemi mai sa hannu kafin a shiga tiyata. Lokacin da aka ɓata ana gardama a zaure ba shi komowa.

Wani za ya ce wannan ƙarancin bangaskiya ne, kamar mutum yana kiran ciwo da bakinsa. Bari mu duba Littafi Mai Tsarki. Sa'anda sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, annabi Ishaya ya umurce shi ya shirya gidansa. Ya yi addu'a da kuka, aka sa masa curin ɓaure a kan marurun, Allah ya ƙara masa shekara 15. Ga shiri, ga addu'a, ga magani, duka a ɗaki ɗaya. Yakubu kuma tun da sauran numfashinsa ya kira Yusufu ya gaya masa inda za a binne shi. Ubangijinmu Yesu da kansa, yana bisa giciye cikin azaba, ya danƙa uwatasa ga almajirin da ya ke ƙauna. Idan shi ya yi haka, mu fa?

Dokar ƙasa ma tana girmama maganar mai ciwo. Cikin 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Likita Okonkwo, ta yanke cewa baligi mai hankali yana da ikon karɓar magani ko ƙinsa. Matar da aka yi shari'ar a kanta ta sa hannu a takarda cewa kada a ƙara mata jini. Mu dai ba mu hana ƙarin jini ba, gama ya ceci rayuka da yawa. Abin lura shi ne nauyin maganar da aka rubuta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ce a bayyana wa mai ciwo halin da ya ke ciki da magungunan da akwai, ta kuma hana asibiti ƙin taimakon gaggawa.

To, wane irin mutum za mu zaɓa? Na ɗaya, wanda ya ke kusa, wanda za a same shi ko da tsakar dare. Na biyu, mai natsuwa, wanda ba ya jin nauyin tambayar likita har ya gane. Na uku, mai aminci, wanda za ya faɗi nufinka ko da nasa ya sha bamban. A sa na biyunsa kuma, domin wakili ma ya kan yi tafiya. Mace tana iya zama wakiliyar mijinta. Gwauraye da tsofaffin da 'ya'yansu su ke nesa, su ne suka fi bukatar wannan.

Ka zauna da shi ka gaya masa zuciyarka a kan tiyata da ƙarin jini, da abin da za a sayar in kuɗi ya kasa, ko akuya ko buhun masara. A rubuta a gaban Pasto da dattawa biyu, ka ajiye takarda ɗaya, wakili ɗaya, ekklesiya ɗaya. Ka sanar da danginka duka, har da waɗanda ba addininku ɗaya ba, domin kada gardama ta tashi a bakin gadon asibiti. Su sani wannan ba rabon gado ba ne, kuma muddin kana iya magana, maganarka ce gaba.

Ku magidanta, ku ba matanku izini tun yau a gaban shaidu, cewa in ciwo ko naƙuda ta zo a tafi asibiti ba sai an jira ku ba, ku bar kuɗin mota a hannunsu. Ku dattawan ekklesiya, ku tambayi kowane gida kafin watan nan ya ƙare.

Kwanakinmu suna hannun Allah, amma ya ba mu hankali domin mu lura da juna. Ubangiji shi ba mu aminci cikin wannan amana. Amin.