Ramin da ke gindin dutse

Ta arewa maso gabas, duwatsu ne suka tokare Minna. Dutsen Paida na nan tsaye, baƙo ya gani ya yaba. Amma wanda gidansa ke gindin tudu, a Bosso ko Maitumbi, ba kyan dutsen yake kallo ba idan hadarin Agusta ya haɗo. Lissafinsa ɗaya ne: ruwan da zai sauka a can sama, ta ina zai biyo?

A wasu ƙasashen, kamar tsaunukan da ke kan iyakar Italiya da Sulobeniya, dutsen farar ƙasa ne a ƙarƙashi. Ruwa kan narkar da shi a ɓoye shekara da shekaru, har wata rana ƙasa ta rufta, a wayi gari da ƙaton rami tsakanin tsaunuka. Namu dutsen ba haka yake ba. Ƙaƙƙarfa ne, ruwa ba ya cin sa. Ƙasar da ke lulluɓe da shi ita ce abincin ruwa, shi ya sa ramin Minna ba ya zuwa bagatatan.

Ka tsaya a bakin kwalbati bayan an ɗauke ruwa. Ledar fiyawota da robobi sun toshe bakinsa, ruwan ya nemi wata hanya ta gefe, yana yashe jar ƙasar da ke riƙe da kwalta. Bana ɗan tsagi ne da ɗan acaɓa ke kauce wa. Baɗi an kafa masa reshe da jan ƙyalle. Shekara ta uku ya zama kwazazzabo, ya fara lasar katangar wani bawan Allah.

Abin da ya fi damuna shi ne, mai haddasa ramin da wuya ya gan shi. Wanda ya sare bishiyoyin gangare, ya fasa dutse, ya shafe tsakar gidansa da siminti, ya saki bututu waje, barcinsa yake yi lafiya lau. Ruwan da ƙasarsa za ta shanye ya tura wa na ƙasa da shi, kuma galibi na ƙasan shi ne mai ƙaramin ƙarfi.

Bayan ambaliyar 1986 aka gina manyan magudanan kankare da suka ratsa garin, sun kuwa yi aiki. Sai dai Minnar wancan lokaci aka auna. Yau gidaje sun haura gangaren da a da ciyawa ce da itatuwa, magudanan kuma, a wurare da dama, yashi da shara sun cinye rabinsu.