Ciwon Da Ido Ba Ya Gani Da Rangwamen Da Shari'a Ta Yi Masa

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ɗaure gaɓoɓinsa, Ya san ƙarfinsa da rauninsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sau da yawa akan ga saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shigo masallaci da ƙafafunsa, fuskarsa fes, jikinsa ba alamar ciwo, amma da an ta da salla sai ya ja kujera ya zauna a ƙarshen sahu. Dattijon da ke kusa da shi, wanda yake tsaye da ƙyar, ya harare shi. Bayan sallama kuwa ba a rasa mai cewa samarin zamani sun lalace, har sallar ma sai a zaune. Alhali kuwa mai yiwuwa ne wannan saurayi in ya durƙusa gwiwarsa za ta goce, in ya dafa ƙasa domin sujada kafaɗarsa ta fita daga mazauninta.

Akwai wata cuta ta gado da likitoci ke kira Ehlers-Danlos, da sunan waɗansu likitocin fata biyu: Edvard Ehlers na ƙasar Danmak, wanda ya yi bayaninta a 1901, da Henri-Alexandre Danlos na Faransa, a 1908. Asalinta rauni ne a cikin wani sinadari mai suna kolajin, wanda yake a jikin mutum kamar zare a jikin tufa. Shi ne ke ɗaure ƙashi da ƙashi, shi ke ƙarfafa fata da jijiyoyin jini. In zaren ya zo da rauni tun daga halitta, sai gaɓoɓi su yi sako-sako, su riƙa lanƙwasa fiye da kima, ƙashi ya goce don an ɗaga bokitin ruwa ko an juya a kan gado. Fata takan yi taushi ta tsage da ƙaramin bugu, rauni ya daɗe bai warke ba, ga ciwo da gajiya dare da rana, waɗansu kuma jiri ke ɗibarsu in sun daɗe a tsaye. A 2017 masana suka kasa cutar gida 13, ana kuma ƙiyasin tana samun kamar mutum ɗaya cikin 5,000. Akwai nau'in da ya fi haɗari, wanda yakan sa jijiyar jini ko hanji su yage farat ɗaya. Har yau ba a gano maganin da ke kawar da ita ba, sai dai kula: motsa jiki bisa tsarin likita, da maɗaurin gaɓoɓi, da maganin rage ciwo.

To, abin da ya fi ciwon zafi ga saurayi ko budurwar da Allah Ya jarraba da wannan, shi ne rashin yarda. Makaho da gurgu kowa yana ganin lalurarsu. Wannan kuwa yau yana tafiya sarai, gobe ba ya iya tashi, sai a ce raki ne, ko lalaci, ko gudun aiki. A wani gidan a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawo da shi ana kashe kuɗi, ko a kai shi wurin mai ɗori a riƙa finciko gaɓar da tun asali sakinta ne ya yi yawa. Tsararrakinsa suna karatu, suna sana'a, suna aure, shi kuwa yana kwance yana tambayar kansa ko ibadarsa ma karɓaɓɓiya ce.

Lalle ne ya sani Shari'a ta riga ta amsa masa. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah Ya bayyana cewa ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. A cikin Suratun Nur aya ta 61, da Suratul Fathi aya ta 17, Ya ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu, Ya kuma ambaci majinyaci tare da su. A lura, an ambaci majinyaci daban, ba a kuwa sa sharaɗin sai mutane sun ga ciwonsa ba.

Imamul Buhari ya ruwaito cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya yi fama da basur, wanda shi ma ciwo ne ɓoyayye. Da ya tambayi Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, game da salla, sai ya umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a gefensa. Bai nemi shaida ba, bai ce a duba shi ba. A kan wannan ne malamai suka gina bayaninsu, har littafin Ahalari, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai, ya jera halaye bakwai na sallar farilla, tun daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya rigingine. Wanda sujada za ta gurɗe masa gaɓa sai ya yi nuni, wanda aka ɗaure wa rauni ya yi shafa a kan ɗaurin, wanda ruwa zai cuce shi ya yi taimama. Azumi ma an yi wa majinyaci rangwame a cikin Suratul Baƙara. Ummu Salama kuwa, Allah Ya yarda da ita, da ta kai kukan rashin lafiya a Makka, an yi mata izini ta yi ɗawafi a bisa abin hawa. Saboda haka mai kewaya Ka'aba a keke bai zo da baƙon abu ba.

Daɗin daɗawa, ladansa ba ya raguwa. Ya tabbata daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da ya saba aikatawa sa'ad da yake lafiya a gida. Don haka wanda ya takura wa kansa tsayuwa saboda kunyar idon mutane, har ya ji wa kansa ciwo, ya fifita kallon bayi a kan kyautar Ubangiji ke nan.

Su kuma masu yanke hukunci da ido, akwai abin tsoro a gare su. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, sa'an nan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sai ya ɗora alhakin mutuwarsa a kansu, ya yi musu faɗa a kan rashin tambaya tun da ba su sani ba. Uban da ya tilasta wa ɗansa mai wannan lalura ɗaukar kaya, da malamin da ya doki ɗalibi don ya kasa durƙuso, da uwar mijin da ke yi wa suruka gorin kwanciya, duka su dubi kansu a cikin wannan labari. Suratul Hujurat ta hana izgili da mugun zato. Liman ma an umarce shi ya sauƙaƙa salla, domin a bayansa akwai mai rauni da mara lafiya da mai uzuri.

Haƙuri kuwa ba zaman jiran mutuwa ba ne. Ata'u ɗan Abi Rabaha gurgu ne, mai shanyayyen hannu, daga baya kuma ya makance, amma shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Shi ne Abdullahi ɗan Abbas ya nuna wa wata mata mai farfaɗiya, wadda ta zaɓi haƙuri da Aljanna, amma duk da haka ta roƙi addu'ar kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, aka kuwa yi mata. Watau mai haƙuri yana da damar neman sauƙi. Ya je asibiti, ya riƙe sanda ko ya hau keke ba tare da jin kunya ba, ya nemi ilmi da sana'ar da jikinsa zai ɗauka. In maganar aure ta taso ya faɗi gaskiya, domin a nau'o'in cutar da suka fi samun mutane kowane ɗa yana iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi. A yi shawara da likita, a shiga bisa sani da yarda, wannan shi ne amana.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa ciwonsu ya zama kaffara, Ya ba masu jinya ladan ɗawainiya, Ya kuma tsare harsunan masu lafiya daga cutar da bayinSa. Amin.