Wa'azin Gaiwa ga Muridin da Zuciyarsa ta Bushe

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da abin da ke cikin ruwa da abin da ke cikin ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na Falgore da Rogo da Ƙaraye, wasunku suna cewa: mun daina jin daɗin zikiri, zuciya ta bushe, ina amfanin jan carbi? Har wani ya bar lazimi, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100, safe da yamma, alhali ya ɗauki alkawari. To, ku saurara.

Ka sani, ya kai muridi, a fadamun ƙasarmu akwai kifin da ake kira gaiwa. Allah Ya ba ta huhu irin na dabbar tudu, har idan aka hana ta leƙo kai ta shaƙi iska, sai ta mutu cikin ruwa. Idan rani ya yi, tabki ya ƙafe, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe wutsiya bisa kanta, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ya bushe ya zama mata riga. Ba ta barin kome sai 'yar kafa guda wadda iska ke bi zuwa bakinta. Ba ci, ba sha, naman jikinta shi ne guzurinta. Haka take wata da watanni, masana sun ga wadda ta kai shekara 3 tana raye. Ran da ruwa ya sauka, laka ta jiƙa, sai ta fito tana iyo.

Wannan kafa ita ce wuridinka. Ko ba ka ji daɗi ba, kada ka toshe ta. Buɗi da ƙunci duka na Allah ne, naka dai tsayuwa a bakin ƙofa.

Dubi gawo kuma. Da damina, itatuwa na kore, shi sai ya kaɗe ganye, jahili ya ce ya mutu. Da rani sai ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su ci, matafiyi ya sha inuwa. Kada ka auna halinka da na ɗan'uwanka wanda ke hawaye a wazifa. Kowa da lokacinsa.

Shamuwa kuwa tana tafiya har kudancin Afirka, amma bazara na yi sai ga ta bisa itatuwan gari. Wanda ke komo da ita Shi zai komo maka da daɗin ambatonsa.

Wanda ya bar wuridi, ya tuba, ya rama abin da ya tsere masa, ya gaya wa muƙaddaminsa.

Allah Ka raya zukatanmu kamar yadda Kake raya ƙasa bayan rani. Amin. Tammat bi hamdillahi.