Wane Ne Ɓarawo A Ranar Da Ƙasa Ta Girgiza?

Ran Talata, 12 ga Janairu, 2010, da la'asar, ƙasa ta girgiza a Haiti. Ba ta kai minti ɗaya tana rawa ba, amma kafin ta tsaya, babban birnin ƙasar, Port-au-Prince, ya zama kufai. Fadar shugaban ƙasa ta rushe. Babbar majami'ar Katolika ta rushe, babban bishop ɗinsu ya mutu. Gwamnati ta ce matattu sun wuce 300,000. Waɗansu masu bincike sun kawo adadin da bai kai haka ba, amma ba mai musu cewa gawawwaki sun yi kwanaki a kan tituna. Mutum wajen miliyan ɗaya da rabi suka koma kwana a fili, ƙarƙashin tanti da tsummoki. Mutanen nan kuwa jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka, ƙasarsu kuma ita ce mafi talauci a wannan sashi na duniya tun kafin masifar ta zo.

Bayan 'yan kwanaki sai jaridun duniya suka cika da hotunan mutane suna shiga rusassun kantuna, suna fitowa da kaya a ka. Aka ce ganima su ke ci. Wannan magana ce mu ke so mu auna, gama tana da wuya fiye da yadda a ke tsammani.

Ga mutum, gidansa ya faɗi, ya tono yaransa biyu da hannunsa, na uku yana ƙarƙashin bango. Kwana uku ba su sa kome a baki ba. Kasuwa ba ta ci, banki a rufe, jirgin agaji yana can filin sauka ba a sauke kayansa ba tukuna. A gabansa ga kanti ya rushe, shinkafa tana zube cikin ƙura. Ya ɗiba. Ya ɗan'uwa mai karatu, ɓarawo ne shi? Har man goge haƙori mutane suka riƙa ɗauka, ba don haƙora ba, sai don su shafa a ƙarƙashin hanci saboda warin gawa.

Malaman ikkilisiya na dā sun yi tunani a kan wannan. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa idan rai yana bakin halaka, ba kuwa wata hanya, wanda ya ɗauki abin da zai tsai da ransa bai yi sata ba. Dalilinsa shi ne, an yi abinci domin mutum, dokar mallaka kuma an kafa ta domin zaman mutane ya yi kyau. In ta zama ita ce za ta kashe yaro alhali ga abinci a gabansa, ta ɓata abin da aka yi ta dominsa. A ganina wannan daidai ne, ko da ya ke mai kantin ma abin tausayi ne, shi ma ƙasa ɗaya ta girgiza da su.

Amma ba abinci kaɗai aka ɗauka ba. Mako ɗaya bayan girgizar, 'yan sanda suna harbi don su kori masu kwasar kaya, harsashi ya sami wata yarinya mai shekara 15 a ka. Ta faɗi a kan rufin wani rusasshen gini, abin da ta ke riƙe da shi kuwa hotunan ado ne na rataye a bango. Ba a cin hoto. Mai tsananin shari'a zai ce, to, ga shi nan, wannan ba yunwa ba ce. Amma matalauci ya san abin da mai ƙoshi bai sani ba, cewa abin da ba a ci ana sayar da shi a sayi abin da a ke ci. Ko mu ce ma sata ce tsantsa, hukuncin satar hoto kisa ne?

Kada a ɗauka ina wanke kowa. Fursunoni wajen 4,000 sun gudu daga babban kurkukun birnin a daren nan, a cikin sansanoni kuma an yi wa mata fyaɗe, an ƙwace wa tsofaffi rabonsu. Yunwa ba ta wanke wannan. Wanda ya ƙwace daga maƙwabcinsa da ke cikin wahala ɗaya da shi, ba ransa ya ke ceto ba, ran wani ya ke ci.

Amma akwai wata irin sata wadda ba a ɗaukar hotonta, gama mai yinta ba ya hawa kan kufai, ba ya gudu da kaya a ka. Don mu gan ta a fili, bari mu koma baya shekara 37, zuwa wata ƙasa da ba ta da nisa ƙwarai da Haiti.

Ran 23 ga Disamba, 1972, da tsakar dare, girgizar ƙasa ta rushe Managuwa, babban birnin Nikaraguwa. Dubban mutane suka mutu, gobara ta cinye abin da ya saura a tsakiyar gari. Ƙasashe suka aiko da kuɗi da abinci da magani. Mai iko a ƙasar a lokacin shi ne Anastasio Somoza, shugaban sojoji. Ya sa kansa shugaban kwamitin agaji. An ba kura ajiyar nama ke nan. Sojojin da aka sa tsaron kantuna su suka kwashe su. Kayan agaji suka riƙa ɓullowa a hannun 'yan kasuwa. Shi da mutanensa suka sayi filaye da araha suka sayar wa gwamnati da tsada domin sabon gini, tituna kuma aka shimfiɗa su da tubalin siminti na masana'antarsa. Wani shahararren ɗan wasan ƙwallon sanda, Roberto Clemente, mutumin Puerto Rico, ya tara kaya ya aika. Da ya ji ba su kai ga mabukata ba, sai ya ce zai raka na gaba da kansa, ko a ji kunyar idonsa. Ran 31 ga Disamba jirgin ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa, ba a ko ga gawarsa ba. Somoza ya ci gaba da mulki har 1979, sa'ad da aka kore shi.

Yanzu sai mu aza su biyu a ma'auni, mai ɗibar shinkafa cikin ƙura da Somoza. Ba yawan abin da suka ɗauka kaɗai ya raba su ba. Na farko ba wanda ya ba shi amana. Na biyu kuwa, kowane buhu da ya zo hannunsa da sunan wani ya zo. Wata gwauruwa a wata ƙasa ta rage cefanenta ta bayar, wata gwauruwa a Managuwa tana jira. Ya yi wa su biyu sata a lokaci ɗaya, ya kuma saci abu na uku, wato zuciyar masu bayarwa, gama wanda aka cuce shi sau ɗaya, gobe hannunsa zai yi nauyi.

A Haiti ba a sami Somoza guda da za a nuna da yatsa ba, shi ya sa al'amarin ya fi wuyar kamawa. Masu ba da agaji suka ce gwamnatin Haiti ta yi suna wajen cin hanci, ba za a ba ta kuɗi ba. Suna da hujja. Saboda haka abin da ya bi ta hannunta daga kuɗin agajin gaggawa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sauran fa? Ya bi ta hannun baƙi, sojojin ƙasashen da suka bayar, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyi, da 'yan kwangila. Wannan ya cire ladan aikinsa ya miƙa wa wancan, wancan ya cire nasa ya miƙa gaba, kamar mai ɗebo ruwa da ƙwarya mai yoyo. Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500. A 2015 'yan jarida suka bincika, suka ce gidaje na dindindin da ta gina shida ne. Ƙungiyar ta amsa cewa ta ba dubban mutane mafaka ta wucin gadi, da ruwa da magani, kuma rikicin mallakar filaye ya hana gini. Wataƙila ba wanda ya sa ko kwabo a aljihunsa ta hanyar da alƙali zai kama shi. Takardu suna nan, kowane rasit da sa hannu. Amma idan an roƙi kuɗi da hoton yaro mai kuka, kuɗin kuwa ya ƙare a albashi da motoci da hayar gidaje masu kyau, yaron yana tanti har yanzu, wane suna za mu ba wannan? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana wata ga wata. A Oktoba 2010 kwalara ta ɓarke, daga ƙazantar sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta malala cikin kogin Artibonite. Mutum kusan 10,000 suka mutu. Sai a Disamba 2016 babban sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya roƙi gafarar mutanen Haiti.

Ga abin da na ke gani shi ne gindin maganar. Babbar hasarar wanda ƙasa ta girgiza da shi ba gida ba ce. Ya rasa ikon cewa a'a. Jiya yana iya ƙin ciniki, yana iya juya wa mai zaginsa baya. Yau ba ya iyawa. Saboda haka duk wanda ya riƙe buhun shinkafa a gabansa ya zama sarki a kansa, ko da jiya shi ɗan sako ne. Sa'ad da aka fara raba katin karɓar shinkafa, buhu mai kilo 25, mata aka ba, domin a tsare su daga turereniyar maza. Dabara ce mai kyau. Amma katin sai ya bi ta hannun wani kafin ya kai, waɗansu masu rabon kuwa suka sayar, waɗansu suka nemi mata su biya da jikinsu. A 2018 kuma asiri ya tonu cewa waɗansu ma'aikatan Oxfam ta Ingila, har da shugabansu a ƙasar, sun riƙa kawo mata gidajen da a ke biya da kuɗin agaji suna lalata da su. Irin waɗannan su kan ce, ai da yardarta. Wace yarda? Abin da aka karɓa daga hannun wanda ba ya iya ƙi, ƙwace ne, ko da shi ya miƙo da hannu biyu yana godiya.

Mu da mu ke sa baiko domin masu wahala, mu kan ga kamar tambayar ma'aji inda kuɗi ya tafi rashin ladabi ne, ko rashin bangaskiya. Manzo Bulus bai ga haka ba. Sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba, sai tare da mutanen da ikkilisiyoyi suka zaɓa. Ba don ya san kansa da sata ba ne. Mai gaskiya ba ya jin zafin lissafi, ido biyu a kan jaka kuwa kariya ce ga mai riƙe da ita.

Kada kuma mu ce wannan cutar manyan ƙungiyoyi ce da shugabannin soja. A ƙarshen Janairu 2010 aka tsare Amurkawa goma, 'yan ikkilisiyar Baftis, yawancinsu daga jihar Idaho, a kan iyakar Haiti da Jamhuriyar Dominika. Suna cikin mota da yara 33, ba takardar izinin fita da su. Suka ce marayu ne za su kai gidan reno. Ban ga dalilin cewa dukansu mugaye ne ba. Mutane ne da suka ga hoto, zuciyarsu ta motsa, suka bar aikinsu suka tashi. Amma da aka bincika, sai aka tarar yawancin yaran suna da uwa ko uba da rai. Iyayen da kansu suka miƙa su, gama an gaya musu yaran za su ci, za su yi makaranta. Ba wanda ya sa musu wuƙa a wuya. Baƙin nan suna da kuɗin mota da na hayar gida a wata ƙasa, amma ba su tsaya sun tambaya ba ko kuɗin nan zai ciyar da yaro a gaban uwarsa. Uwa kuwa da ke kwana a fili da yara biyar, in an ce mata kawo ɗaya ya rayu, ina bakin da za ta ce a'a?

An saki tara daga cikinsu bayan 'yan makonni. Shugabarsu ta zauna a tsare har watan Mayu, kotu ta same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba, aka lissafa mata kwanakin da ta riga ta yi, ta koma gida. Yaran kuwa aka ajiye su a wani gidan reno kusa da Port-au-Prince, a watan Maris aka mayar da su ga iyayensu, cikin rashin da ya sa aka miƙa su tun farko.